Kayan Sana'a da Haƙƙin Karɓar Zakka

 Ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata tambaya da ke yawan zuwa daga masallatan Agye da Gazawa da Gidan Rumji: shin wanda ya mallaki keken ɗinki, ko injin niƙa, ko amalanke, ko babur na kabu-kabu, ya halatta a ba shi zakka? Sau da yawa masu rabo sukan tsallake irin wannan mutum, su ce ai mai dukiya ne, alhali rumbunsa ya ƙare tun kafin faɗuwar damina.

Mas'ala ta farko: kayan aiki ba a yi musu zakka. Uwar maƙera da zugazugi, da garmar manomi, da sikelin ɗan kasuwa, da tukunyar mai ƙuli-ƙuli, duk ba sa shiga lissafi, domin da su ake nema, ba su ake sayarwa ba. Malamai sun kafa hujja da hadisin Abu Huraira na cikin Buhari da Muslim, wanda ya ɗauke zakka daga dokin Musulmi. Abin da ɗan kasuwa mai jujjuya dukiya zai yi wa kima a ƙarshen shekara shi ne hajarsa da tsabar kuɗinsa. In sun kai nisabi, wato dinari 20 na zinariya, kimanin giram 85, ko dirhami 200 na azurfa, sai ya fitar da ɗaya cikin 40. Sai dai mu lura, a mazhabar Imam Malik shanun huɗa suna shiga ƙidayar garke, kuma nisabin shanu 30 ne. Mai shanu biyu ko huɗu ba ya cikin wannan.

Mas'ala ta biyu: mallakar kayan aiki ba ta fitar da mutum daga sahun mabuƙata. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta fara ambaton faƙirai da miskinai cikin kashi takwas na masu cin zakka. Aya ta 79 ta Suratul Kahfi kuwa ta kira ma'abota jirgin ruwa miskinai, ga shi da jirgin suke sana'a. Ma'auni a wurin malamanmu na Malikiyya shi ne abin da zai ishi mutum da iyalinsa shekara guda. Telan da ɗinkinsa ke ciyar da gidansa ba a ba shi. Telan da aikinsa ke tafiya lokacin salla kaɗai, sauran watanni yana cin bashi, ana ba shi abin da zai cike masa. Imam Nawawi, daga Shafi'iyya, ya tafi a kan cewa mai sana'a ana ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa, domin ya wadatu.

Hikimar wannan a fili take. A yunwar 2005 da ta 2010 gidaje da yawa a jihar Maraɗi sun sayar da dabbobinsu da araha don su sayi gero da tsada. Wanda ya sayar da saniyar huɗa ya ci wata guda, ya rasa noman shekaru. In muka hana shi zakka har sai ya rabu da garmarsa, mun mayar da mabuƙacin wata uku mabuƙacin dindindin.

Mas'ala ta uku: tallafin hukuma. A 2011 gwamnatin Nijar, da taimakon Bankin Duniya, ta kafa shirin tallafa wa gidajen talakawa da sefa 10,000 kowane wata, kuma wajen zaɓe an duba yawan iyali da irin gida da kadarori. Wannan tsari ne na hukuma, ƙa'idarsa daban da ta zakka. Wajibi ne mu faɗi gaskiya ga masu ƙidaya. Kai awaki gidan maƙwabci ranar rajista yaudara ce, kuma cin haƙƙin wanda ya fi mu buƙata ne. Haka nan, wanda sunansa bai fito a takardar hukuma ba, wannan bai soke haƙƙinsa a zakka ba.

Saboda haka muna kira ga limamai da masu rabon zakka: kada su tsaya ga abin da ido ya gani a ƙofar gida. Su tambayi maƙwabta cikin sirri abin da sana'ar ke kawowa da bakin da ke ci.

Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya kare mu daga hana mai haƙƙi haƙƙinsa.