Amsar Tambaya: Kai yara gandun Table Rock

Tambaya: Muna zaune a jihar South Carolina ta Amurka, muna son kai yaranmu gandun Table Rock da ke gindin tsaunukan Blue Ridge. Wace hanya za mu bi?

Amsa: Malama, kada ki bi da ƙananan yara hanyar ƙololuwar dutsen. Zuwa kaɗai ya haura mil 3, hawa ne mai tsinka gwiwa ko ga babba. Ku bi ta Carrick Creek, zagaye ne na kusan mil 2 a bakin rafi. Duwatsun wajen akwai santsi, musamman bayan ruwan sama, don haka a ajiye silifas a sa takalmi mai kama ƙasa. Ku yi rajista a mashiga, ku ɗauki isasshen ruwan sha, ku fito kafin magariba.