Rawa da Ciwon Baƙin Ciki

Akwai baƙin ciki wanda ya wuce na rashi. Mutum ya bar cin abinci, barci ya guje masa, ya wuni a ɗaki, ko amsa gaisuwa ya yi masa nauyi. Wannan ciwo ne, ba ragwanci ba. Daga Ƙofar Taramniya zuwa asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa na Kware ba nisa, akwai magani kuwa. Amma waɗansu sukan sha iri biyu, makonni da yawa, ba sauƙi. To, me ya rage?

A 1942 wata mai koyar da rawa, Marian Chace, ta soma aiki a asibitin St. Elizabeths, a Amurka. Takan tara marasa lafiya waɗanda ba su magana, a sa kiɗa. Ba ta ce su kwaikwaye ta ba. Ita ce takan kwaikwayi motsinsu, ko da kaɗa kafaɗa ne kaɗai, har mutum ya gane an lura da shi. A 2024 masana suka haɗa gwaje-gwaje 218, suka iske tafiya, da gudu, da rawa, suna rage wannan ciwo. Na rawa dai kaɗan ne cikinsu, domin haka kada kowa ya bar maganin likita.

Mun sani waɗansu za su ce, ai bori ke nan. A'a. Masu bori suna rawa domin iska ta hau. Nan ba a kiran kowa. Idan ɗan'uwanmu ya yarda, mu zauna kewaye da shi, mu tafa a hankali. In ƙafa ɗaya ya motsa yau, kada mu matsa masa. Mu komo gobe.