Darasin Kasuwa: Buɗe Littafin Lissafi Ga Yaran Gida

 Darasinmu na wannan fitowa a kan wata al'ada ce wadda muka taras, watau ubangida ya riƙe lissafin cinikinsa a cikinsa, yaransa suna ta wahala ba su san ko an ci riba ko an faɗi ba. Yaro ya shekara goma yana ɗaukar kaya yana saukewa, amma in ka tambaye shi nawa buhu ɗaya ya tsaya wa maigida, sai ya ce Allah masani. Muna ganin wannan ɓoyo yana jawo hasara wadda ta fi abin da ake tsoro.

Abin da yaro yake gani

Bari mu kawo misali. Waɗannan kuɗi ba farashin wannan mako ba ne, mun ƙaddara su ne don a gane lissafin. A ce maigida ya sayi dawa buhu 100 a Gummi, kowane buhu naira 30,000, ya kai Gusau ana sayen buhu naira 33,000. Yaron da ya raka motar ya ga saye, ya ga sayarwa, sai ya buga a ransa cewa maigida ya ci naira 300,000. Da aka ba shi dubu biyar sai ya karɓa yana gunaguni.

To, ga abin da bai gani ba. Kuɗin mota naira 120,000. Lodi da saukewa naira 20,000. Buhuna da ɗinki naira 30,000. La'adar dillalai naira 20,000. Haraji da abin da aka kashe a hanya naira 30,000. Buhu ɗaya kuma ya tafi a zuba da cikon mudu, naira 33,000 ke nan. Jimla naira 253,000. Ashe abin da ya rage wa maigida naira 47,000 ne kacal, a kan jarin miliyan uku da ya sa a hanya mai hatsari.

Yaron da bai san wannan ba, ba zai damu da buhun da ya yage ba, gama a ganinsa ɗigo ne a cikin kogi. In kuwa ya san buhu biyu za su iya cinye ribar tafiyar duka har su taɓa uwar kuɗi, da kansa zai tsaya a kan masu lodi, ya duba ɗinki, ya yi ciniki da direba. Wani ma da ya ga riba mai yawa a zatonsa, sai ya fara yankar nasa a ɓoye, yana cewa haƙƙinsa ne. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bayanin ƙirali, watau mutum ya ba wani jari ya juya, su raba riba. Sharaɗinsa a mazhabar Malikiyya shi ne a san adadin jarin, a kuma yanka rabon riba tun farko, rabi ko sulusi ko rubu'i. In an faɗi ba da sakacin mai juyawa ba, hasarar tana kan mai dukiya, shi kuwa mai juyawa wahalarsa ce ta tafi. Ku duba da kyau, wannan rabo ba ya yiwuwa sai kowa ya ga lissafi. Ba a raba abin da ba a ƙidaya ba.

Haka kuma a unguwar Sabo ta Badun, inda Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a can a 1962 da 1963, ya fitar da littafinsa a 1969. Ya nuna yadda fatake suke sauka gidan maigida da shanunsu, dillalansa su sayar wa mahauta bashi, malaminsa ya rubuta cinikin, maigida kuma ya tsaya a kan biyan kuɗin. Baƙo ya bar dukiyarsa a hannun mutumin da ba ɗan'uwansa ba, domin cinikin a fili yake, akwai shaidu, akwai rubutu. A nan ne yara suke koyon sanin wanda yake biya da wanda yake taurin bashi, har su ma su zama dillalai.

Labarin wata masana'anta a Amurka

A shekarar 1983, a garin Springfield na jihar Missouri, akwai wata masana'antar gyaran injuna ta kamfanin International Harvester wadda ta kusa rufewa. Wani manaja mai suna Jack Stack da abokan aikinsa 12 suka haɗa dala 100,000, suka ci bashin kusan dala miliyan 9, suka saye ta. Bashin ya yi musu nauyi ainun, kuskure kaɗan sai banki ya karɓe wurin. Sai suka buɗe wa ma'aikata littattafan kuɗi, suka koya musu karanta su, ana zama kowane mako ana duba abin da ya shigo da abin da ya fita. Aka ba su lada a kan riba, aka kuma ba su hannun jari. Masana'antar ta tsira, ta bunƙasa, Stack ya rubuta littafi a kan wannan hanya a 1992. Abin lura shi ne ba su tsaya ga nuna takarda ba. Sun koyar, sun kuma ba da rabo.

A wurin masu zinariya

Mutanen Bagega sun san yadda aikin rami yake. Akwai mai ɗaukar nauyi wanda yake ba da abinci da kayan aiki, akwai masu haƙa, akwai mai injin niƙa, akwai mai sikeli. Rigima ba ta cika tashi a cikin rami ba, ranar rabo take tashi, sa'ad da aka ce za a cire kuɗin da aka kashe, masu haƙa kuwa ba su taɓa ganin rubutunsa ba. Maganinta a rubuta kowane abu ranar da aka kashe shi a gaban wakilin masu haƙa, a kuma yi awo a gaban kowa.

Akwai kuma wani kashe kuɗi wanda tilas ya shiga littafi. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara wajen 400 suka rasu, saboda ƙurar dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje. Bagega ba a share ƙasarta ba sai 2013. Niƙa a gida ya yi araha a lokacin, amma kowa ya ga abin da aka biya daga baya. Saboda haka kuɗin kai dutse wajen gari, da ruwa, da sabulu, da tufafin aiki da ake bari a can, a cire su kafin rabo. In masu haƙa sun ga rubutun da idonsu, ba za su ce maigida ya ƙirƙira ba.

Abin da ake buɗewa da abin da ake rufewa

Mun san abin da wasu za su ce: a wannan zamani na 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, wa zai tona cikinsa? Gaskiya ne, ba mu kuwa ce a buɗe komai ba. Lissafin kaya dabam, asirin gida dabam. A buɗe farashin saye, da abin da aka kashe, da farashin sayarwa, da bashin da ke waje, da ribar wannan kaya. A rufe jimlar dukiyar maigida, da inda kuɗi suke kwana, da ranar tafiya, da albashin wani yaro ga wani.

Ga yadda za a fara. Na ɗaya, a zaɓi yaro ɗaya ko biyu waɗanda aka gwada amanarsu. Na biyu, a sa rana guda a mako, bayan an tashi kasuwa, a zauna da littafi, da ajami ko da boko, duk wanda aka fi iyawa. Na uku, a ba kowane yaro abu guda da zai tsare, wannan kuɗin mota, wancan zuba, wancan karɓo bashi, ya riƙa faɗin adadinsa da bakinsa. Na huɗu, a yanka musu rabo sananne a cikin riba tun kafin a sayi kaya. Na biyar, ranar da aka faɗi a nuna musu kamar ranar da aka ci, domin wanda yake nuna faɗuwa kaɗai, in riba ta zo ya rufe littafi, yara za su gane shi da wuri.

Wani zai ce, in yaro ya san sirrin cinikina ai zai tafi ya kafa nasa. To, dama ba don ya dawwama a ƙarƙashinka ya zo ba. Wanda ka koya wa lissafi ka sallame shi da jari, gobe shi ne wakilinka a Gusau ko Sakkwato. Kuma ranar da ciwo ya kwantar da kai, ko ta Allah ta kasance, shi ne zai nuna wa iyalinka wanda kake bi da wanda yake bin ka. Sau nawa muka ga rumfa ta mutu tare da mai ita, don lissafin duka a kansa yake? Hausawa sun ce abokin cin mushe ba a ɓoye masa wuƙa.

A gwada da kaya ɗaya a wannan mako, a ga abin da zai biyo baya. Allah ya ba da kasuwa mai albarka. Haza wassalam.