Wa Ke Riƙe da Mudun?

 Ɗiyata, na ji daɗin labarin cewa masu binciken lafiyar ƙwaƙwalwa sun ɗauke ki aiki, za ki riƙa shiga gidaje a Illo da Lolo da Tsamiya, kina yi musu tafinta, kina zama da majinyata. Aikin lada ne. Za su ce miki majinyatan nan abokan aikinsu ne, ba abin gwaji ba, kuma ban yi shakkar niyyarsu ba. Sai dai niyya a zuci take zaune, ido ba ya ganinta. Zauna mu yi magana a kan yadda ake gane ko abotar ta tabbata, ko kuwa a takarda ta tsaya.

Ki fara sanin ƙasar da za ki taka. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye kuma suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kafin nan ɓarnar ta riga ta yaɗu. Da aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003, wannan labari na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba suka shanye. Don haka idan dattijo ya dube ki da takardarki ya yi shiru, kada ki ce jahilci ne. Tunawa yake yi.

Mai taɓin hankali kuwa ya fi kowa dalilin tsoro. Kin san yadda ake yi da shi a wurarenmu. A kai shi wajen malam ko boka, a yi ruƙiyya, a yi hayaƙi, in abin ya gagara a sa masa mari a bayan gida. Ba ƙiyayya ke sa iyaye haka ba, gajiya ce da rashin madafa. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yana Kware, sai an ƙetare kogi, an wuce Bagudo, an kama doguwar hanyar Sakkwato, ga kuɗin mota na mutum biyu ko uku. Likitocin wannan fanni a Nijeriya duka ba su kai 300 ba. Doka ma ta daɗe ba ta gefen majinyaci. Tsohuwar dokar 1958 tsarewa ta fi sani, sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwa, wadda ta amince majinyaci yana da ta cewa a kan maganinsa da sirrinsa. Mutumin da aka shekara ana yanke masa hukunci ba a tambaye shi ba, shi ne yau ake kira abokin aiki. Ba a rana ɗaya zai gaskata ba.

Yanzu ga batun awo. Kin taɓa ganin ana cinikin shinkafa mai sayarwa ya juya baya ya auna shi kaɗai? Ba a yi. A gaban mai saye ake cika mudu, idonsa a kai, in bai cika ba ya ce a ƙara. Masu bincike da yawa, ba da mugun nufi ba, su ke auna kansu da kansu. Za ki ga rahoto ya ce an yi taro kaza, majinyata kaza sun halarta, an ɗauki hoto. Wannan ƙidayar kujeru ce. Ba ta faɗa mana ko wanda ya zauna a kujerar ya buɗe baki, balle ko an ji shi.

Ƙasashen waje sun lura da wannan giɓi. A Jami'ar McMaster ta Kanada an tsara takardar tambayoyi da majinyaci ke cikawa da kansa, ya faɗi ko an saurare shi, ko ya san amfanin zamansa. A Birtaniya an fitar da ƙa'idoji shida a 2019 na yadda ake shigar da jama'a cikin bincike. Abubuwa ne masu kyau, ki karanta su. Amma an ɗinka su ne ga mutanen da suka saba faɗa wa likita ba su gamsu ba. Mu kunya ce tarbiyyarmu. Ki tambayi baiwar Allah a Illo ko ta ji daɗin zama da ku, za ta ce lafiya lau, mun gode, Allah Ya saka, ko da zuciyarta na ƙuna. Idan kika rubuta wannan a matsayin sakamako, kin yaudari kanki da waɗanda suka aiko ki.

Tambayar da ta fi kowace nauyi a wurina ita ce: me ya canza a binciken nan saboda maganar majinyaci? Ki nemi amsar da za a nuna da yatsa. Ƙila likita na son ƙirga sau nawa mutum ke jin muryoyi, shi kuwa majinyacin damuwarsa maganin na sa shi barci har ya kasa fita gona da damina, ko ya kasa jefa taru. Wata damuwarta ko za a bar ta ta goyi ɗanta, ko za a sake cin abinci a kwano ɗaya da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan waɗannan sun shiga cikin abin da ake aunawa, abota ta fara tsiro. Idan shekara ta zagayo ba a sauya ko tambaya ɗaya ba, to an gayyato mutane kallo ne kawai. Ki ajiye ɗan littafi. Duk shawarar da majinyaci ya bayar ki rubuta, ki rubuta abin da aka yi da ita, in an ƙi ɗauka ki rubuta dalili, a koma a faɗa masa. Littafin nan ya fi hotunan taro ɗari gaskiya.

Sai ki duba ko mutum zai iya cewa a'a ya kwana lafiya. Wannan wurin yana da santsi, ɗiyata. Idan hakimi ko mai unguwa ne ya kira taron, wa zai ƙi zuwa? Idan binciken ne kaɗai hanyar samun magani kyauta, dangwala yatsa a takarda ba yarda ba ce, tilas ce ta talauci. Sau da yawa kuma mai jinya ke amsawa, uwa ko miji ko wa, majinyacin na gefe kansa a sunkuye. Ki girmama mai jinya, ya sha wahala, kuma yana da abin faɗa. Amma bakinsa daban, na majinyaci daban. Ki nemi lokacin da ciwon ya lafa, ki zauna da shi, ki tambaye shi da kansa. In a duk aikinku ba a samu ko mutum ɗaya da ya ƙi ba, ko ya yi muku gardama, kada ku yi murna. Alama ce ba su sake da ku ba tukuna.

Harshe ma awo ne. Garinmu ba Hausa kaɗai ake ji ba, akwai Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci da Kyanganci da Busanci. Mutum na iya ciniki da Hausa, amma baƙin cikinsa da harshen uwarsa yake fita.

Kada kuma ya zama ke ce za ki yi tambayar gamsuwa, tunda ke ma'aikaciyar masu binciken ce. A samu wanda ya taɓa ciwon ya samu sauƙi, a koya masa, a biya shi, shi ya zagaya ya ji ta bakin 'yan'uwansa. Ba sabon abu ba ne. Nan maƙwabtanmu Binin akwai Grégoire Ahongbonon, mai facin taya ne a da, shi kansa ya sha ciwon damuwa mai tsanani. Ya kafa ƙungiyar Saint Camille, yana kwance mutane daga mari, kuma da yawa daga masu kula da marasa lafiya a cibiyoyinsa, irin ta Jugu, tsofaffin majinyata ne. A Ibadan ma, shirin SUCCEED da ya haɗa Nijeriya da Malawi da Saliyo da Zimbabuwe ya ɗauki waɗanda suka taɓa ciwon a matsayin masu bincike. Abin da majinyaci zai ɓoye miki, zai faɗa wa wanda ya san nauyin marin a ƙafarsa.

Maganar kuɗi kada ki ji nauyinta. Yinin da manomi ya ba ku, yinin gonarsa ne. Idan kowa a ɗakin taro yana da alawus sai shi kaɗai aka ba lemo da biskit, ya gane matsayinsa ko ba a faɗa ba. Sirri kuma ki riƙe shi da hannu biyu. Motar ofis mai tambari ta tsaya a ƙofar gida sau biyu, unguwa ta gama sani, kuma wata yarinya a gidan na iya rasa manemi saboda haka. Ki tambayi majinyatan inda suka fi son a haɗu, da lokacin.

Tun yanzu, kafin a fara, ki tambayi shugabanninki abu biyu cikin ladabi. Yaushe za a dawo a faɗa wa mutane abin da aka gano, da bakin da suke ji? Kuma wanda aka ɗora a kan magani, ina zai samu idan kuɗin aikin ya ƙare? Yanke irin wannan magani farat ɗaya na iya dawo da ciwon, a mayar da mutum cikin marin da aka fitar da shi. Alkawari kaya ne. Masu binciken za su koma birni, ke kuwa a Illo za ki ci gaba da haɗuwa da iyayen nan a kasuwa da gidan biki. Ki roƙa a rubuta amsoshin biyu a takarda, a karanta wa majinyata da masu jinyarsu, kowa ya riƙe kwafinsa.