Matakan Tsayar da Gemu ga Manomi

Idan aka ɗaure gero aka kai rumbu, samarin ƙauyukan Dambatta da Makoɗa da Kunci sukan samu sararin komawa zauren malam. A nan ne mutum zai ji an karanta babin gyaran jiki a Risala, ya tashi da niyyar reza ba za ta ƙara hawa haɓarsa ba. Madalla da niyya. Sai dai daina aski shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, sauran yana gaba.

Mataki na ɗaya: ka san abin da ka ɗauko

Umarnin yana cikin hadisin Abdullahi ɗan Umar wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa a rage gashin baki, a bar gemu ya cika. Mafi yawan malamai suna ganin aske shi gaba ɗaya haramun ne, wasu daga cikin Shafi'iyya suka tsaya a kan karhanci. Batun tsawo kuwa da sauƙi. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, ya kawo cewa Imamu Malik bai ga laifi ba a rage shi idan ya yi tsawo da yawa. Shi kansa Ibn Umar, in ya yi hajji ko umara, yakan damƙe gemunsa ya yanke abin da ya wuce damƙar.

Mataki na biyu: ka jure makonnin farko

Zai yi ƙaiƙayi, kuma zai fito nan da tsawo can da gajarta. Abokan majalisa za su kira ka bunsuru. Kada ka sa almakashi kafin ya yi wata biyu, don sai ya fito sosai ake gane inda ya nufa.

Mataki na uku: ka yi wa wanzami bayani

Kada ka zauna kawai ka miƙa wuya. Ka ce masa, "Baba, gemun a bar shi, gashin bakin ne za a rage." A Malikiyya abin da ake ragewa shi ne wanda ya sauko kan leɓe, har gefen leɓen ya bayyana, Malik ya ƙi a aske gashin baki ƙwal. Hadisin Anas a Muslim ya iyakance kwana 40, kada a wuce su ba a rage gashin baki ba, ba a yanke farce ba. Ka tafi da sabuwar rezarka. Askar da ta bi kawuna goma ranar kasuwa tana iya ɗauko ciwon hanta, kuma wanzamin kirki ba zai ji haushi ba.

Mataki na huɗu: alwala da wanka

Nan ne aka fi samun kuskure, don haka a tsaya da kyau. Gemu iri biyu ne a wurin alwala. Idan mara kauri ne, wato wanda yake zaune gabanka yana hango fatar da ke ƙarƙashinsa, dole ka tsettsefe shi da yatsu har ruwa ya taɓa fata. Idan mai duhu ne, ya rufe fata, ya wadatar ka wanke bayansa ka motsa shi da hannu, ka bi shi har ƙarshen tsawonsa. Sabon mai gemu kusan kullum yana rukunin farko, shi ne kuma ya fi saurin kwaikwayon liman, ya shafa sama-sama ya wuce, ya manta gemun liman ya shekara talatin.

Wankan janaba babu wannan rangwame. Mai kauri ne ko mara kauri, sai ruwa ya ratsa ya isa fata. Na san yadda ruwan randa yake da asuba a tsakiyar hunturu, na kuma san yadda hannu ke sauri idan jiki na kaɗawa. Ka ɗora ruwan a murhu ya yi ɗumi. Masu magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A nan shafawa ba ta isa, sai ka cuɗa.

Mataki na biyar: ƙura da ƙaiƙayi

Mutumin birni bai san abin da gemu ke kwasowa ranar casar dawa ba. Ka naɗa rawani ko wani ƙyalle ka rufe shi kafin ka shiga masussuka. In ka yi feshin maganin ƙwari a gonar wake, ka wanke fuska da gemu da sabulu kafin ka ci abinci, domin gashi yana riƙe maganin dab da bakinka. Da daddare ka murza ɗan man kaɗanya ko man zaitun a tafin hannu ka shafa, ka bi da mataji. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin mutumin da ya shigo masallaci kansa da gemunsa a hargitse, Annabi (SAW) ya yi masa nuni ya fita ya gyara.

Mataki na shida: furfura

Kada ka tsige ta. In kana son rini, ga lalle a bayan gida. Ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, da aka kawo Abu Ƙuhafa mahaifin Sayyidina Abubakar kansa da gemunsa fari fat, an ce a sauya launin amma a guji baƙi.

Mataki na bakwai: cikin gida

Abin da na sha gani shi ne, gemu na cika sai mutum ya juya kan uwargida da wa'azin hijabi. To, a Suratun Nur aya ta 30 da ta umarci maza su runtse ido ta riga ta 31 da ta umarci mata su sauke mayafi a kan ƙirji. Aya ta 59 a Suratul Ahzab ma tana nan a kan hijabin. Amma tufatarwa a wuyan miji take, don haka kafin ka buɗe baki ka buɗe aljihu.

In ka je sayen yadin hijabin a Kantin Kwari ko kasuwar Dambatta, ka ɗaga shi a rana ka sa tafinka a bayansa. In kana ganin yatsunka, shara-shara ne, ajiye shi. Tela ya sake ɗinkin, kada ya kama jiki. Ka yi mata guda biyu: dogo na zuwa unguwa da asibiti, da matsakaici wanda ya rufe ƙirji ya sauka ƙugu, na ɗiban ruwa da kai markaɗe. Dogon hijabi kusa da belin inji haɗari ne, haka kuma kusa da tayar babur. Duk ranar da za ka goya ta zuwa Bichi, kada ka tayar da mashin sai ka waiwaya ka ga ta tattare bakin hijabin ta ɗora a cinya.