Ciyar da ƙudan zuma da bazara ba tare da jawo fashi ba

A yankunan Madarumfa, Magariya da Gaya, iyalai da yawa suna samun kuɗin cefane da na magani daga amya. Furen gawo, na magarya da na mangwaro suna cikin masu cika saƙa da zuma. Amma idan bazara ta tsananta, kafin faɗuwar ruwan farko, fure yakan yi ƙaranci, tafkuna su ƙafe. A lokacin nan ne ƙudan zuma ke shiga yunwa. Amyar da aka kwashe ƙaf ranar ɗiba, ƙudanta sukan tashi su bar mai ita da kango.

Saboda haka wasunmu ke ba su ruwan sukari. Dabara ce mai kyau, amma in ba a iya ta ba, sai garin neman ƙiba a samo rama.

Mene ne fashin amya?

Fashi shi ne ƙudan wata amya mai ƙarfi su faɗa wa amya mai rauni, su kashe masu gadin ƙofa, su kwashe abincin da ke ciki. Wani lokaci har sarauniya takan mutu, amyar ta lalace ke nan.

Ga yadda abin yake farawa. Ƙudan da ya samo abinci yakan koma gida ya yi wata irin rawa a kan saƙa, don ya sanar da ƴan uwansa. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Karl von Frisch, shi ya bayyana ma'anar wannan rawa, har ya sami lambar yabo ta Nobel a 1973. In abincin yana da nisa, rawar tana nuna hanya. In yana kusa da gida, abin da take faɗi kawai shi ne: «Akwai zaƙi nan kusa.» Sai ƙudaje su fito da yawa, su bi kowane lungu suna nema. Kwanon sukarin da muka ajiye a fili ba ya isar su. Da ya ƙare, sai su juya kan amyar maƙwabta.

Yadda za mu haɗa abincin

Mu auna farin sukari kilo 1 da ruwa mai tsabta lita 1. Mu ɗumama ruwan, mu sauke, mu zuba sukari mu dama har ya narke, sannan mu bari ya huce. Kada mu bari sukarin ya ƙone a kan wuta. Kada mu haɗa da yawa, domin zafin bazara yana sa shi tsami da wuri. Kada kuma mu ba su zumar kasuwa: ƙamshinta yana kiran ƴan fashi daga nesa, tana kuma iya ɗauko cutar da ke kashe ƴaƴan zuma.

Ƙa'idodi shida na ciyarwa

1. Mu ciyar da almuru, bayan ƙudaje sun daina fita.
2. Mu sa abincin a cikin amya. In ta katako ce, mu ajiye shi a baya inda babu saƙa. In ta gargajiya ce, mu sa shi bayan marfi, mu mayar da marfin mu shafe gefensa da laka.
3. Mu zuba cikin wankakken gwangwani, mu sa gutsattsarin karan gero a bisa ruwan, don ƙudaje su sami wurin sauka kada su nutse.
4. Mu ba su kaɗan, gwargwadon abin da za su shanye kafin gari ya waye. Rubu'in lita ya isa a fara da shi.
5. Mu rage ƙofa da laka, mu bar inda ƙuda ɗaya ko biyu za su wuce. Ƙaramar ƙofa ta fi sauƙin tsaro. Mu toshe duk wata ɓaraka.
6. In ruwan sukari ya zube, mu wanke wurin ko mu rufe shi da ƙasa nan take. Wannan yana hana kiyashi da cinnaka ma.

Ban da sukari, mu ajiye musu kaskon ruwan sha a inuwa, ɗan nesa da amyoyi, da duwatsu a ciki.

Alamomin fashi da maganinsa

Za mu ga ƙudaje suna kokawa a bakin ƙofa, da gawarwaki a ƙasa. Za mu ga wasu suna shawagi a bayan amya suna neman kafar shiga. Akan kuma ga ɓarɓashin kaki a ƙofa, domin ƴan fashi yaga saƙa suke yi.

In mun ga haka, kada mu buɗe amyar. Mu ƙara matse ƙofa, mu lulluɓe amyar da jiƙaƙƙen zane. Ƴan gida za su gane hanyarsu, baƙi kuwa su ruɗe. In fashin ya ci gaba washegari, mu rufe ƙofa da dare ta yadda iska za ta shiga, mu kai amyar wani wuri mai nisan fiye da kilomita 3.

Yaushe za mu daina?

Da zarar damina ta kankama, fure ya dawo, mu janye gwangwani. Abin da ƙudaje suka tara daga sukari abincinsu ne. Sayar da shi da sunan zuma ha'inci ne, yana kuma zubar da mutuncin zumar garinmu a kasuwa. Abin da ya fi duka shi ne mu bar musu wani kaso na saƙa ranar ɗiba. Wanda ya yi haka, sau da yawa ba ya bukatar sayen sukari.

Tambayoyi don tattaunawa a cibiyar karatu

1. Don me ba a ajiye ruwan sukari a fili?
2. Waɗanne itatuwa ne ke fure a garinku da bazara?
3. Mai amya 8 yana ba kowace rubu'in lita. Lita nawa zai tanada a dare ɗaya?