Shaidu Biyu Ko Uku: Ƙananan Ɗariku Da Kundin Sani Na Intanet

Nassin karatu: Maimaitawar Shari'a 19:15, Luka 1:1-4, Karin Magana 27:2

Gabatarwa

A ɗauki misalin wani matashi mazaunin Miri, a bakin birnin Bauchi, ɗan wata ƙaramar ɗarika wadda ba ta wuce 'yan majami'u ba. Ya zauna da kakansa da dattawan ikkilisiya, ya tattara labarin yadda aka fara sujada a gindin bishiya da yadda aka gina ɗakin sujada na farko. Ya rubuta maƙala, ya ɗora a Wikipedia. Bayan 'yan kwanaki sai ya tarar an liƙa mata sanarwa cewa ba ta da madogara kuma ɗarikar ba ta shahara ba, ƙarshe aka goge ta. Ransa ya ɓaci, ya ɗauka ƙiyayya ce ake yi wa bangaskiyarsa. Irin wannan yakan faru da ƙananan ɗariku a ƙasashe da yawa, saboda haka ya kyautu iyalan Kirista su fahimci dalilinsa kafin su yanke hukunci.

Ƙa'idar da ake jayayya a kanta

An buɗe Wikipedia ranar 15 ga Janairu, 2001, tana kuma da sashen Hausa. Kowa yana iya rubutu a ciki, amma bisa ƙa'idodi. Ta farko, duk abin da aka faɗa sai mai karatu ya iya bin sawunsa zuwa wani rubutu amintacce da aka riga aka buga. Ta biyu, ba a karɓar sabon binciken da marubuci ya yi da kansa, ko da gaskiya ne. Ta uku ita ce shahara: kafin a ba abu shafinsa, sai an ga amintattun majiyoyi waɗanda ba nasa ba ne sun yi bayaninsa mai zurfi, ba ambato a fakaice ba.

A nan ƙananan ɗariku suke tuntuɓe. Tsarin mulkin ɗarika, da mujallarta, da littafin bikin cika shekara hamsin, da shafinta na Facebook, duk bakinta ne. Ana iya dogara da su a kan ƙananan bayanai marasa gardama, amma ba sa tabbatar da shahara. Takardar rajista ta hukuma kuma tana nuna ɗarikar tana nan ne kawai. Idan aka kai maƙala gaban masu tattaunawar gogewa a sashen Ingilishi, yawanci kwana bakwai ake bayarwa, ana kuma auna ƙarfin hujja ne, ba yawan masu goyon baya ba.

Ƙa'idar ba ta tsallake kowa ba. A 2007 Jimmy Wales, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kundin, ya rubuta gajeren shafi a kan Mzoli's, wani wurin sayar da nama da gashi a Gugulethu, Afirka ta Kudu. Cikin minti 22 wani edita ya goge shi, sai da aka yi doguwar muhawara shafin ya tsaya. A 2018 an ƙi karɓar daftarin maƙala a kan masaniyar kimiyya Donna Strickland, 'yan watanni kafin ta sami lambar Nobel.

Hujjar kowane ɓangare

Masu tsaurarawa suna cewa idan ba shaidar waje, ba yadda za a tantance gaskiya. Ɗarika takan kumbura yawan membobinta. Idan kuma aka sami rabuwa, kowane ɓangare yakan rubuta tarihi yadda zai wanke kansa, ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Edita da ke nesa ba shi da hanyar sanin mai gaskiya sai ta bakin wanda ba ya cikin rigimar.

Masu sassautawa kuwa suna cewa ma'aunin ya fi dacewa da ƙasashen da jaridu da ɗakunan karatu suka wadata. A Afirka tarihi da yawa yana bakin tsofaffi, rashin rubuta shi kuwa ba ya rage masa nauyi. A 2011 Achal Prabhala ya gwada amfani da hirar baka a matsayin madogara a Indiya da Afirka ta Kudu, amma sashen Ingilishi bai mai da wannan ƙa'ida ba.

Tarihin Arewacin Nijeriya yana nuna inda gizo yake saƙar. Ikkilisiyoyin da suka fito daga mishan suna da shaidu birjik. An rubuta zuwan Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham a 1893, da kafuwar ECWA a 1954. An rubuta isowar Karl Kumm Wase a 1904, da sujadar farko ta H. Stover Kulp da Albert Helser a Garkida a 1923, wadda EYN take ƙirga tarihinta daga gare ta. Masana irin su E. P. T. Crampton sun buga littattafai a kan Kiristanci a Arewa. Amma ɗarikar da ɗan ƙasa ya fara a bayan gari, ba Bature a gefensa mai aika rahoto gida, sau da yawa ba wanda ya ɗauki alƙalami dominta.

Abin da Nassi yake koyarwa

Neman shaidar waje ba baƙon abu ba ne ga mai bi. Shari'ar Musa ta hana a tabbatar da magana a bakin mutum ɗaya, ta bukaci biyu ko uku. Karin Magana ta gargaɗi mutum ya bar yabonsa ya fito daga bakin wani. Luka kuwa, kafin ya rubuta wa Tiyofalas, sai da ya bi diddigin kome daga wurin waɗanda suka gani da ido. A Joshuwa sura 4 an kafa duwatsu goma sha biyu domin idan yara suka yi tambaya, iyaye su sami abin nunawa. Ikkilisiyar da ba ta ajiye tarihinta ba ta hana 'ya'yanta waɗannan duwatsu.

Duk da haka, darajar ikkilisiya ba a shafin intanet take ba. A Luka 10:20 Ubangiji ya nuna wa almajiransa cewa abin murna shi ne sunayensu a rubuce suke a sama. Gogewar edita ba ta kai can ba.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a ɗauki muryar dattawa tun suna raye, a rubuta sunan mai magana da ranar hira. Na biyu, a adana littattafan baftisma, da na aure, da bayanan taron majalisa, a ɗauki hotonsu a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Gara da gobara ba sa sallama, kuma yadda aka mamaye hedkwatar EYN a Kwarhi a Oktoba 2014 ya nuna ana iya barin ofis a rana ɗaya. Na uku, a buɗe wa masu bincike ƙofa, ko daga Jami'ar Jos, ko daga TCNN da ke Bukuru, a bar su su rubuta abin da suka gani, mai daɗi da marar daɗi. Na huɗu, a nemi tsofaffin jaridu da fayiloli a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Arewa House a Kaduna. Wikipedia tana karɓar madogara da Hausa, tana kuma karɓar wadda ba ta kan intanet. Akwai kuma Dictionary of African Christian Biography, wanda aka fara a 1995, mai karɓar tarihin bayin Allah da aka tattaro daga bakin jama'a.

A ƙarshe, wanda zai yi rubutu a kan ɗarikarsa ya bayyana dangantakarsa da ita, kada ya ƙara ko mutum ɗaya a kan ƙidaya, kada ya tara 'yan'uwa su yi wa editoci taron dangi. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, ƙaryar da aka yi domin ikkilisiya kuwa sunan Almasihu take ɓatawa.

Tambayoyi domin tattaunawa a gida

1. Wa ya fara kawo bishara garinku, a wace shekara, a ina kuma aka rubuta hakan?
2. Me ya sa shaidar mutum a kan kansa ba ta isa ba, ko da gaskiya ya faɗa?
3. Wane dattijo ne iyalinku za su ziyarta cikin watanni ukun nan domin rubuta abin da ya sani?